Basir Ne, In Ji Majalisar Mai Shayi

(Teburin mai shayi a bakin tasha, bayan sallar isha'i. Bakano ya dafe ciki.)

MAI SHAYI: Alhaji, yau ba a soya ƙwai?

BAKANO: Bar ni, ɗan'uwa. Kwana biyun nan saman cibiyata ƙuna yake, ga jiri in na miƙe...

BAZAZZAGE: Basir ne.

BAKANO: Ban gama ba!

BAZAZZAGE: Ba sai ka gama ba. Mutum ya wuni a Kantin Kwari, rowa ta hana shi sayen abinci, me zai kama shi in ba basir ba?

BAKANO: Rufe mana baki, baran Kanawa. Na riga na san cutata. Na tambayi wayata, ta ce ko taifod, ko tsutsar ciki, ko ciwon daji. Na cire na ukun saboda tsada.

WANZAMI: Mataccen jini ne. Ƙaho huɗu, ka tashi garau.

BAKANO: Ai ina kan magani. Diclofenac, biyu da safe kafin na karya, biyu da dare. Don ciwon baya na fara sha, sai na ga ciki da baya maƙwabta ne. Ina korawa da jiƙon kanwa. Kuma yana aiki, wallahi, dattin sai fita yake, baƙi ƙirin kamar kwalta.

BAZAZZAGE: Allahu akbar! Basir ya narke.

(Malamin asibiti, da ya tsaya sayen burodi, ya juyo.)

MALAMIN ASIBITI: Alhaji, baƙi ka ce? Da wari mai tsanani?

BAKANO: Har uwargida ta yi ƙorafi.

MALAMIN ASIBITI: Buɗe idonka in gani. Ka ga cikin fatar ya yi fari fat. Wannan ba datti ba ne, jininka ne. Jinin basir ja yake fitowa. Wanda ya zubo daga tumbi kuwa, kafin ya ratsa hanji ya yi baƙi. Diclofenac da ibuprofen da asfirin suna cin bangon ciki, balle a sha su ba abinci. Kanwar kuma ta ɗan kwantar da ƙunar, gyambon yana nan yana aikinsa.

MAI SHAYI: Ni dama na san olsa ce. Yunwa ke kawo ta, shi ya sa nake cewa a riƙa cin burodi.

MALAMIN ASIBITI: Kai dai ciniki kake nema. Yawancinta daga irin waɗannan magunguna ne, ko wata ƙwayar cuta mai suna H. pylori. Ana gano ta a gwajin bayan gida, maganinta kamar sati biyu. Da can likitoci ma ba su yarda ba, sai da wani likitan Ostireliya, Barry Marshall, ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu.

BAKANO: Ka ji ko! Shi ma da kansa ya yi gwaji. Irina ne.

MALAMIN ASIBITI: Shi kyautar Nobel aka ba shi a 2005. Kai ledar jini za a ba ka. Tashi mu tafi yanzu, ba gobe ba.

WANZAMI: To ƙahon fa?

MALAMIN ASIBITI: Mutum jini na tsiyaye masa, kai kuma ka zuƙe sauran?

BAZAZZAGE: In za a ƙara masa, kada a ɗebi nawa. Jinin Zazzau ya shiga jikinsa, gobe ya fara kyauta, shago ya karye.

MAI SHAYI: Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Amma kafin ka hau adaidaita, akwai shayi tara a littafi.

BAKANO: Yanzu ka gama cewa yunwa ke kawo ta. Kai da kake tsinka mini madara, rubuta su cikin kuɗin gado.