Motar sulke mai shiga ruwa ba kwale-kwale ba ce

Sau da yawa za ka ji ana cewa motar sulke mai taya da ke shiga ruwa, irin BTR-80, duk kogin da ta tarar sai ta tsallake. Mai wannan tunani bai yi nisa da gaskiya ba, domin lallai tana iyo. Gangar jikinta a toshe take, iskar da ke ciki ce ke ɗaga nauyinta na tan 13.6 a kan ruwa, sannan famfo a bayanta yana zuƙar ruwa ya feso, ya tura ta gaba.

Amma a ruwa gudunta bai wuce kilomita 9 ko 10 a awa ba, alhali a kan titi tana kai 80. Kogi mai ƙarfin gudu sai ya kwashe ta gefe. Kafin ta shiga kuma akwai shiri: a duba matosan ƙasa da robar ƙofofi, a ɗaga farantin gaba don kada ruwa ya hau hancinta, a kunna famfon kwashe ruwan da ya yoyo ciki. Ciyawar ruwa kuwa tana iya toshe mashigar famfon da ke tura ta gaba.

Inda aka fi shan wahala shi ne fitowa. A ɗauki kogi da damina, gaɓarsa a tsaye, ga laka. Motar ta iso, tayoyin gaba suna ta juyawa a taɓo, bayanta yana kan ruwa babu abin takawa. Shi ya sa ake fara tura masu duba mafita.

Sulkenta ma siriri ne da gangan. Idan aka lafta mata ƙarin ƙarfe fiye da kima, iyon ya ƙare.