Wa Ke Biyan Kuɗin Kariyar Ma'aikaci a Faransa?

A watannina na farko a birnin Liyon na ƙasar Faransa, neman ɗakin haya ya fi ba ni wahala a kan neman aiki. Duk mai gidan da na je wurinsa sai ya tambayi irin takardar aikina: CDI ce, wato aikin dindindin, ko CDD mai ƙayyadadden wa'adi? Tawa ta wata shida ce, don haka sai a sallame ni cikin ladabi.

A nan ba a korar mai CDI sai da ƙwaƙƙwarar hujja, bayan an kira shi an saurare shi, kuma yana da damar kai ƙara kotun ma'aikata. Ba na raina wannan kariya, domin na ga abokan aikina suna gaya wa shugaba gaskiya ba tare da fargabar rasa abincinsu ba. Sai dai mai kamfanin da ya san sallama tana da tsada yakan yi ta jan ƙafa kafin ya ɗauki sabon mutum, shi ya sa fiye da kashi 80 cikin ɗari na sababbin kwantiragin aiki na wucin gadi ne, kuma matasa da baƙi irina ne ke ta kai-komo a cikinsu. Lokacin da gwamnatin Firaminista Dominique de Villepin ta so sauƙaƙa sallamar matasa a 2006, zanga-zanga ta tilasta mata janyewa. A 2017 Shugaba Macron ya ƙayyade diyyar da kotu za ta iya yankewa ga wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, amma har yanzu mai gidan haya CDI yake tambaya.

A gida Najeriya kuwa matsalar akasin haka ce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi notis na wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar, amma yayana ya shekara tara a wata masana'anta a Kano, kuma ranar da aka sallame shi, maigadi ne ya sanar da shi a bakin ƙofa. Bai samu ko kwabo ba.

Duk da haka ba zan so mu kwaikwayi Faransa ba, domin a ƙasar da yawancin mutane ke cin abinci a kasuwa da gona, tsaurara sallama zai ƙara tura masu masana'antu zuwa ɗaukar leburori ba takarda. Na fi karkata ga tsarin Danmak, inda sallama take da sauƙi amma asusun rashin aiki yake riƙe mutum har shekara biyu. Da yayana ya samu ko da albashin wata uku, da bai sayar da babur ɗinsa ba.