Littafin yana nan, taswirar ta tafi

Ranar Asabar na tsaya wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Yaba, ina jiran cunkoso ya ragu kafin in kama motar Agege. Na ɗaga wani tsohon littafin tafiye-tafiyen Turawa a ƙasashenmu. A shafin farko akwai hatimin wani laburare, an kankare rabinsa. Can baya kuma, inda ya kamata a ce akwai taswira mai naɗewa, sai siririn gefen takarda, an yanke shi sumul, yankan reza. Na tambayi mai kayan, ya ce, "Alhaji, ni a buhu nake sayensu." Na yarda da shi. Amma har na isa gida raina bai kwanta ba.

Jama'a, wannan sata ce da ba ta da ƙara. Ɓarawon taswira ba ya fasa ƙofa. Yana shigowa fes da shi, ya gaisa da ma'aikata, ya karɓi littafi, ya zare shafi ɗaya, ya mayar da littafin da godiya. A kan kanta littafin yana nan, a rajista ma yana nan. Sai bayan shekaru wani ɗalibi ya buɗe ya tarar da wayam.

A 2005 aka kama wani dillalin taswirori, Forbes Smiley, a laburaren jami'ar Yale da ke Amurka, saboda wata ma'aikaciya ta tsinci 'yar reza a ƙasa. Ya amsa cewa ya sace taswirori 97 da kuɗinsu ya haura dala miliyan 3, har daga babban laburaren Ingila. Ku lura, da bakinsa ya lissafa. Wuraren da suka fi mu kuɗi da kayan tsaro sai da suka dogara da ɓarawo ya faɗa musu abin da suka rasa. A laburaren Carnegie na birnin Pittsburgh kuwa, da ɗan gari aka ci gari: mai kula da ɗakin ajiyar ne ya yi shekaru sama da 20 yana kwasa yana miƙa wa wani mai shagon littattafai, kaya na sama da dala miliyan 8, sai a 2017 aka gane, da aka zo ƙidaya.

To mu fa? Wa ya ƙirga namu?

Wani zai ce mene ne abin tada jijiyar wuya a kan tsohuwar takarda. Duk mazaunin Legas da ya taɓa sayen fili ya san amsar. Ran da aka zo ana ce maka filin nan na kakanninsu ne, takardar safiyo ce gatanka. Haka ƙasa ma. Da kotun duniya ta yanke hukuncin rikicin yankin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru a 2002, yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 aka ɗauko. Mu Hausawa kuma muna da namu a ciki: a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bai wa Baturen nan Clapperton taswirar ƙasashen da yake mulki da maƙwabtansu, aka buga ta a Landan a 1826. Irin wannan shafin ne reza ke nema, don a kasuwa shafi guda cikin firam ya fi tafiya da sauri a kan littafi sukutum.

Intanet ce ta ƙara wa abin mai. A da, sai ɓarawo ya nemi dillalin da zai rufa masa asiri. Yanzu hoto ɗaya a eBay ko Instagram, mai saye yana wata nahiya, ba wanda ya tambayi daga ina. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi taswira mai gefe ɗaya a yanke, ko mai alamar kankararren hatimi, ya san abin da ya saya.

Abin da nake roƙon masu riƙe da ajiyarmu, daga gidan tarihi na Onikan zuwa ma'ajiyar takardun ƙasa a Ibadan da Kaduna da Gidan Arewa, bai fi ƙarfinsu ba. A buɗe kowane tsohon littafi a ƙirga taswirorin ciki ɗaya-ɗaya, a ɗauki hotonsu gaba da baya, ko da wayar hannu ce. Tabon ruwa, cin gara, layin naɗi, su ne shaidar da za ta nuna wannan tamu ce ran da ta bayyana a gwanjo. A buga hatimi a jikin taswirar kanta. A duba littafi a gaban mai karatu kafin ya karɓa da bayan ya mayar, ko shi wane ne, kuma kada mabuɗi da rajista su zauna a hannun mutum ɗaya. In kuma an yi rashi a faɗa da wuri, a watsa hoton, don kunyar faɗa ita ke ba ɓarawo lokacin sayarwa.

Littafin dai na saye shi, yana nan a ɗakina. Ina ta ƙoƙarin karanta rabin hatimin da ya rage. In na gane na wane laburare ne zan kai musu da kaina, in roƙe su su buɗe sauran da ke kan wannan kantar.