Wa zai biya ɗan kabu-kabu?

Na ga bidiyon ɗan kabu-kabun nan na Maradi da aka hana kuɗin kai kaya, don Allah ku daina turo mini shi. Na kuma saurari saƙon muryar da mai shagon ta saki daren jiya, inda take cewa wai "yaron ne bai fahimta ba". Yaron ya fahimta sarai. Ya ɗauko leda daga unguwar Ali Ɗan Sofo, ya kai ta can ƙarshen unguwar Zariya da rana tsaka, ya tsaya ƙofar gida yana jiran dala ɗari, wato sefa 500, aka leƙo aka ce masa ai kyauta ne. Ya kira wadda ta aike shi, waya a kashe. To ina rashin fahimta a nan? An yi kyauta da mansa da guminsa ba a shawarce shi ba, shi ke nan.

Ku kuma da kuka cika ƙasan bidiyon da zagi, wai ba shi da tarbiyya tunda ya ɗaga wa Hajiyar da ya kai wa kayan murya, Allah ya shirye ku. Sannunku da tarbiyya. Hajiyar ma ban ga laifinta ba sosai, abin da ta gani a status ɗin mai shagon ta riƙe: LIVRAISON GRATUITE, wato kai kaya kyauta, da manyan baƙaƙe jajaye, da hoton babur, da wuta-wuta a gefe. Mai laifi tana ɗaki a kwance, ta kashe waya.

Babu kai kaya kyauta. Ban san sau nawa zan faɗa ba. Babur ba ya shan ruwan randa. A Yulin 2024 aka mayar da litar esansi sefa 499 a gidan mai, wannan kuma ranar da akwai ke nan. Waɗanda suka yi layin mai a watan Maris na 2025 sun san nawa 'yan ruwa-ruwa suka riƙa yanka wa kwalba. Man arha da ake tsallakowa da shi ta Jibiya kuwa ya zama tarihi tun da Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023. Bayan mai akwai baƙin mai, akwai faci, akwai sarƙa, kuma da yawa daga cikin yaran nan babur ɗin ba nasu ba ne, da yamma sai sun kai wa mai shi kuɗinsa ko sun samu ko ba su samu ba. Duk ledar da ta tashi daga wani gida ta sauka wani gida a garin nan, wani ya biya. In ba mai saye ba, mai sayarwa. In su biyun suka noƙe, sai ta faɗa kan wanda ba shi da bakin magana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙanwata mai shago a WhatsApp, zo mu yi lissafi, ɗauko biro. A ce kin saro turmin atamfa jaka bakwai, wato sefa 7.000, kina sayarwa jaka takwas. Ribarki jaka guda. Sallah ta matso, kin ga maƙwabciyarki ta sa furomo, ke ma kika ce a rubuta lambar ragi a samu kashi 10 cikin 100. Sefa 800 sun tafi. Kika ƙara da kai kaya kyauta, ɗan kabu-kabu dala ɗari, sefa 500 ke nan. An cire 1.300 daga cikin 1.000. Kowane turmi kika sayar, kin bi mai saye da dala sittin daga uwar kuɗinki, ba mu ma sa kuɗin data ba, ba mu sa leda ba, ba mu sa abin da za a cire miki wajen fitar da kuɗin da aka turo ba. Kuma kina ta murna kina saka hoton saƙonni, "Alhamdulillah, kaya sun ƙare". Sun ƙare kam. Jarin ma yana bin bayansu.

Ranar da kika farga lissafi ba ya fita, hanya biyu ke gabanki, kuma na ga masu bin kowace. Wata ta matse ɗan kabu-kabu: tafiyar dala ɗari ta ce dala arba'in za ta ba shi, "ai kullum ni ke ba ka aiki", ko ta ce ya karɓa can, alhali ta san ta gaya wa ta can kyauta ne. Abin da ya faru shekaranjiya ke nan, kada wani ya canza masa suna. Wata kuma ta fi wayo, sai ta ɗora a kan kuɗin kaya tun kafin ta yi shela.

Wannan ta biyun ita ta fi ba ni haushi, don da ilimi take yi. Ku riƙa ajiye hoton status, za ku sha kallo. Abaya tana jaka goma sha biyu ranar Litinin. Ranar Alhamis ta koma jaka goma sha biyar, an ja mata jan layi, an rubuta a ƙasa: ki turo lambar kaza ki samu ragin kashi 20. Cire kashi 20 daga 15.000, nawa ya saura? 12.000 cif. Abin da ta ƙara shekaranjiya shi ta rage miki yau, ke kuma kina ta godiya, har da addu'ar Allah ya ƙara buɗi, har kina kiran ƙawarki ta yi sauri kafin sha biyun dare. Da safe a ce "saboda yawan roƙonku mun ƙara kwana uku". Wa ya roƙa? Furomon da aka fara tun azumi har yau bai ƙare ba, an yi layya an cinye kilishin yana nan.

Ba wasa nake ba a nan. Mu duka mun san hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan tari da kuɗin ƙarya a ƙarƙashin jan layi, ni dai ban ga bambancinsu ba, malamai su gyara mini in akwai. Kuma an ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Gumin yaron nan a bidiyo muka gan shi, ya jiƙe masa bayan riga har ƙugu.

Na san abin da za a rubuto. "Malam, ai haka duniya ke yi, Amazon ma kyauta yake kaiwa." To madalla, Amazon ɗin unguwar Bagalam. Mu duba Amazon ɗin. Da suka fara abin a 2002, sai ka sayi kayan dalar Amurka 99 kafin a kai maka ba ka biya ba, daga baya suka sauko da shi zuwa 25. A 2005 suka fito da Prime: ka biya dalar Amurka 79 a shekara tun kafin ka sayi ko allura. A 2022 kuɗin ya kai dala 139 a Amurka. Wato mai saye ya riga ya biya kuɗin kai kayan tun farkon shekara, sai dai ya manta. Duk da haka a 2023 kamfanin ya kashe sama da dalar Amurka biliyan 89 wajen jigila kawai. Suna da rumbuna, da jirage, da motoci, da wasu sana'o'in da ke toshe ramin. Ke me ke toshe naki? Adashen da za ki kwasa watan gobe?

In Amurka ta yi nisa, ga Jumia nan kusa, kamfanin sayar da kaya ta intanet. A Legas aka kafa shi a 2012, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, turawa suka zuba masa kuɗi kamar ba gobe. Shekaru yana rabon takardun ragi da kai kaya kyauta, shekaru yana tafka asara. A ƙarshen 2022 aka sauya shugabanni, Francis Dufay ya karɓa, cikin abubuwan farko da aka yi har da dakatar da Jumia Prime da rage wannan rabon. A Disamban 2023 suka rufe sashen kai abinci gaba ɗaya. Masu biliyoyi sun ɗanɗana sun ja baya, ke da jarin jaka ɗari da hamsin kin ce za ki iya.

"Ai masu saye ne ke so." Na sani. Wa ba ya son banza? A Amurka ma wani babban kanti, JCPenney, ya soke takardun ragi a 2012 ya ce zai riƙa faɗin kuɗin gaskiya kai tsaye, cinikinsa ya faɗi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, aka kori shugaban a shekarar da ta biyo. Ɗan Adam yana son ya ji ya ci riba a kan mai kaya, ko da ƙarya ce. To sai me? Don mutane na son a ruɗe su, sai ruɗin ya halatta? Kuma su can ba a bar wani yaro tsaye a rana ba a biya shi ba. Ku kawo wata hujjar.

"Hassada kake yi wa mata masu neman na kansu." Wannan kam ba zan ma tsaya kanta ba. Da hassada nake yi, shiru zan yi in bar ku ku ci gaba, wata shida ya ishe ku.

Gaskiya tausayi ne ya sa nake wannan dogon surutu. Na san su waye ke bayan shagunan nan. Ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke haɗa kuɗin takardu da turare da humra. Matar aure ce da ba ta fita, wayar ita ce rumfarta. Wadda mijinta ya rasu ce ya bar mata yara. Kuma kayan nan ba da sauƙi suke isowa ba. Wadda ke sarowa a Kantin Kwari ta san abin da ake kashewa daga Kano zuwa Katsina, zuwa Jibiya, a tsallako Ɗan Isa, kowane shinge da nasa. Mun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, mun sake ganin wata bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kayan da a da ke biyowa ta Kwatano yanzu sai sun zagaya ta Lome da Burkina da rakiyar soja. Duk wannan wahalar a sha ta, kaya su iso lafiya, sannan a zo a ƙofar gida a zubar da ribar don a burge masu kallon status? Haba.

Garin nan fa ba yau ya fara ciniki ba. Alhazan Maradi da ake labari har ƙasashen waje, daga gyaɗa suka taso suka kai ga tireloli, kuma ba da rabon banza suka kai ba. Ba wai ba su san kyauta ba. Ku je kasuwar Kadro ku tsaya gaban mai tumatir: sai kin taya, ta ce albarka, kun daidaita, kin biya, kuɗi sun shiga lalitarta, sannan ta ɗauko biyu ko uku ta jefa miki gyara. Ta san abin da ta saro kwandon, ta san abin da ya saura mata, daga cikin ribarta ta ɗiba, kuma ba ta taɓa cewa mai baro ya kai miki gida a bakin alherinta ba. Ba ta yi lakwal ba, amma ta fi masu lambar ragi lissafi nesa ba kusa ba.

In kina son yin kyauta, yi ta da kuɗinki, ido buɗe. Rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin kaiwa daban, kowa ya gani. In kin ga ribar za ta ɗauka, ki ce wadda ta sayi na jaka ashirin zuwa sama ni zan biya mata, cikin gari kawai. Ki faɗi cikin gari ɗin da babbar murya, don gobe wata za ta kira daga Tibiri ko Jiratawa ta ce ai ba ki ware ba, jibi wata daga Yamai, kilomita fiye da 600, ta ce a sa mata a bas kyauta. Ki tara saƙonni ki fitar da su rana ɗaya, Litinin da Juma'a misali, yaro ɗaya ya kwashi na unguwa ɗaya a tafiya ɗaya. Ki yi ciniki da shi kafin ya tayar da babur, ki ba shi a hannu ko ki tura masa ta manhajar MyNita ko Amanata, kada ki haɗa shi faɗa da matar mutane. Lambar ragi kuma ki ba wadda ta saba saye wajenki, ki sa mata ranar ƙarewa, ranar ta zo ki rufe da gaske.

Ku ma masu saye ba ku tsira ba. Ke da za ki sa a kawo miki takalmi har gida, ki juya shi, ki gwada, ki kira kishiyarki ta gani, sannan ki ce "ba wannan kalar na gani a hoto ba" ki mayar. Zuwa da komawa, wa zai biya? An ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ku kuna so ta kai shi ta kuma dawo da shi.

Af, tunda ana maganar, don girman Allah ku koyi kwatance. Yaro ya kira, a ce masa "ka san gidan Alhaji mai rasuwa? To ba nan ba." Sai "ka wuce masallaci, za ka ga wani mai shayi", a garin da kowace kusurwa da masallaci da mai shayi. Sai "gidan mai baƙin get", ya shigo layin ya tarar da baƙin get bakwai. Kuɗin wayarsa na ƙonewa, mansa na ƙonewa, ke kuma kina turo saƙon murya na minti huɗu wanda rabinsa da yaranki kike faɗa. Wayar da kike kallon TikTok da ita tana iya tura wurin da kike tsaye, a cikin WhatsApp ɗin nan dai, ki danna alamar maƙala saƙo za ki gani. In ba ki iya ba, ba ɗanki na aji shida, shi ya iya.