Shaihu Umar ya sami madadin uba, uwarsa ba ta sami madadin ɗa ba

A makon jiya, bayan sallar isha'i, muka zauna a ƙarƙashin rumfar gidan da muke haya a Gadarif, a gabashin Sudan, ni da ƙannena biyu da gwaggonmu, muka kalli fim ɗin Shaihu Umar a wayar hannu da aka jingina da butar shayi. Littafin kuwa na karanta shi tun ina saurayi a garinmu Mai Wurno, wani tsohon kwafi ne da ya sha hannu har bangonsa ya ɓace, wanda wani alhaji ɗan Najeriya ya bar wa mahaifina. Tun daren nan abu ɗaya yake damuna, kuma ina so in faɗe shi ko da malamaina za su ga na yi karambani.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne yana matashin malamin makaranta, domin gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, shekaru masu yawa kafin ya zama Firayim Ministan Najeriya. Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, shekara goma bayan kisan marubucin. Fim ɗin ya daɗe a ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba, sai da aka gano shi a ma'ajiyar finafinan gwamnatin Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Duka biyun sun soma daga wuri ɗaya: almajirai sun tambayi malaminsu Shaihu Umar asalinsa, shi kuma ya buɗe baki ya ba su labari.

Yadda aka saba koyar da labarin shi ne a ce darasi ne na haƙuri da ilimi, maraya ya sha wuya, ya jure, Allah ya ɗaukaka shi ya zama shaihi. Ban musa wannan ba, amma ina ganin mai karatun da ya tsaya a nan ya bar rabin littafin a rufe. Abin da yake ta dawowa daga farko zuwa ƙarshe shi ne rabuwa, kuma rabuwar ba ta yi wa uwa da ɗa adalci iri ɗaya ba. Mahaifin Umar ya rasu, sai wani bafade mai suna Makau ya auri uwarsa ya riƙe shi. Fadawan Kagara suka yi wa Makau hassada aka kore shi daga gari, aka sace yaron, ya bi ta hannuwa har ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim a Kano, wanda ya ɗauke shi ɗa ya tafi da shi Masar. A can ma ya sami malami da ya rene shi da karatu. Duk inda aka ƙwace masa uba, sai labarin ya miƙo masa wani. Uwarsa kuwa ɗa ɗaya ne da ita, ta fita nemansa tana 'ya mai 'yanci, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa, ta ƙetare Sahara a wulaƙance, kuma da Allah ya haɗa ta da shi a ƙasar Libiya ba ta jima ba ta cika. Hanyar da ta mai da ɗan shaihi ita ce ta cinye uwar.

A nan ne nake ganin fim ɗin ya yi wa littafin wani aiki da takarda ba ta iya yi ba. A littafi murya ɗaya muke ji, muryar dattijon da ya riga ya tsira, yana zaune cikin almajiransa yana magana cikin natsuwa, har wahalar uwarsa ma ta bakinsa take zuwa mana, bayan shekaru sun sanyaya ta. Mai karatu yana iya wuce jimla guda da ta ce an sayar da ita ba tare da numfashinsa ya sauya ba. Fim kuwa tilas ya sa mace mai rai a gabanka, da fuskarta da tafiyarta, ka zauna kana kallonta har lokacin da mai shirin ya ga dama. Gwaggo ba ta taɓa karanta littafin ba, ba ta kuma san wane ne Tafawa Ɓalewa ba sai a ranar, amma ana cikin kallo ta ajiye kofin shayinta ta ce da ni, "Ɗana, yaron nan kowa yana ɗaukarsa, ita kuma wa zai ɗauke ta?" Na yi shekara fiye da ashirin da sanin labarin, ban taɓa jin wanda ya taƙaita shi haka ba.

Akwai abu na biyu da yake maimaituwa, wanda ya fi na farko nauyi a zuciyata. Makau mutumin kirki ne, mai gaskiya, kuma muna tausaya masa da aka yi masa ƙazafi, to amma ƙazafin a kan me aka yi shi? A kan bayin da aka kamo a wajen hari, wanda shi ma ya je. Abdulkarim ya nuna wa Umar ƙauna ta uba, alhali kuwa fataucin bayi yana cikin abin da ya kawo shi Kano. Ke nan cinikin da yake ciyar da mutanen kirkin labarin shi ne dai ya tarwatsa gidan Umar. Marubucin bai tsaya ya yi wa'azi a kan wannan ba, ya ajiye abin ne kawai a gaban mai karatu, kuma ina ganin wannan shirun nasa ya sa da yawa daga cikinmu muka wuce ba mu lura ba. Ni ban yarda a karanta alherin Abdulkarim a manta da waɗanda aka jera a ayarinsa ba su sami mai cewa da su "ɗana" ba.

Wataƙila wurin da nake zaune ne ya sa nake karanta shi haka. Mu Hausawan Sudan 'ya'yan hanya ne. Wasu kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, inda garinmu ya ɗauki sunansa. Wasu kuma niyyar hajji ta fito da su a ƙafa, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma shekara ɗaya ko biyu su tara guzuri, har auduga ta riƙe da yawansu a Jazira bayan an buɗe madatsar Sinnar a 1925. Kakata ta sha gaya mana cewa an bar ƙaninta a wani ƙauye kafin Fashir domin zazzaɓi ya hana shi tafiya, da alkawarin za a dawo a ɗauke shi, kuma har ta rasu idan baƙo ya zo daga yamma sai ta tambaye shi garuruwan da ya ratso.

Sannan ga abin da muka gani da idonmu tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Bayan faɗuwar Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disambar shekarar, na yi kwanaki ina zuwa tashar mota a nan Gadarif domin tarar 'yan'uwa. Akwai wata mata da nake gani kullum a wuri ɗaya, kusa da mai sayar da ruwa, riƙe da waya mai fasasshen gilashi. Duk motar da ta tsaya sai ta matsa ta ɗaga hoton wani yaro sanye da farar jallabiyar Idi, ta bi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, da Larabci ga wannan, da Hausa ga wancan. Ranar da muka kalli fim ɗin, da uwar Umar ta kama hanyar Kano, matar nan ce ta tsaya mini a ido, na kasa ci gaba da kallo sai da ƙanena ya tsayar da wayar na ɗan lokaci.