Ciyar da Yaro Haƙƙinsa Ne, Babu Mai Yafe Shi a Madadinsa

Duk uwar da uban 'ya'yanta ya juya musu baya ta san maganar da za ta fi ji daga bakin mutane: "Ki yi haƙuri, ki bar shi da Allah." Da kyakkyawar niyya ake faɗa mata, na yarda. Sai dai a ganina an daɗe ana ajiye haƙuri inda ba muhallinsa ba. Abin da uban ya danne na yaron ne: cinsa, suturarsa, maganinsa, karatunsa. Uwa za ta iya yafe zagin da aka yi mata da shekarun da ta sha wuya, amma kuɗin makarantar ɗanta ba nata ba ne balle ta yi kyauta da shi.

Addini bai bar wannan magana a duhu ba. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora wa wanda aka haifa wa ɗan ci da tufafin mai shayarwa, gwargwadon abin da aka sani. Lokacin da Hindu bint Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan gaban Manzon Allah (SAW) cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, ba a ce mata ta koma gida ta yi shiru ba. An ba ta izinin ɗaukar abin da zai wadatar da su bisa adalci. Dokokin duniya ma nan suka tsaya. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 27, ta wajabta wa gwamnatoci su karɓo wa yaro kuɗin ɗawainiyarsa daga iyayensa ko da sun bar ƙasa. Ta nahiyar Afirka ta 1990 kuwa ta ce ba za a hana yaro ciyarwa ba saboda halin da auren iyayensa yake ciki.

To me ya sa wasu suke zamewa salin-alin? Domin sun san kunya tana yi musu aiki. Uwa ta kira waya sau ɗaya, sau biyu, a ƙi ɗauka, na uku ta ji a kashe. Sai zuciya ta ɗebe ta, ta ce ba za ta sake roƙonsa ba. Shi kuwa abin da yake jira ke nan. Za ka ji shi cikin abokai yana cewa, "Idan sun girma za su nemi ubansu." Wannan magana tana ƙona mini rai, domin ma'anarta ita ce wata ta sha wahalar raino, shi ya zo cin moriya. A tsakanin nan akwai yarinyar da aka koro daga aji, ta dawo da jakarta a baya da hantsi, ta tsaya bakin ƙofa tana karanta fuskar uwarta kafin ta faɗi abin da ya faru.

Dole a bambanta wanda ba shi da shi da wanda ya ƙi. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Mutumin da aiki ya kufce masa amma yana kira, yana zuwa, yana kawo ɗan abin da ya samu, wannan a sassauta masa. Wanda ya sake aure, ya sauya waya, ya ce babu, wannan ƙarya yake yi. Haka kuma uwar da ta watsar da 'ya'ya ta yi gaba abinta, ba a wanke ta ba.

Shawarata ga mai riƙe da yara ita ce ta daina kallon neman wannan haƙƙi a matsayin roƙo. Ta rubuta abin da take kashewa, ta adana rasit da saƙonni. A fara da manyan dangi, a yanke abin da zai riƙa bayarwa da ranar bayarwa, a sa a takarda gaban shaidu. In ya saɓa, kotu domin irin haka aka kafa ta. Abu ɗaya nake roƙo: kada a mai da yaro ɗan aike, a ce "je ka gaya wa ubanka". Kada kuma a hana shi ganin uban don bai biya ba, domin yaron za a hukunta sau biyu.

Sauran aikin na hukuma ne. Hukuncin da ba a bi bayansa ba takarda ce kawai, kuma uwaye da yawa sun ci nasara a kotu sun koma gida hannu rabbana. A Amurka ana cire kuɗin daga albashin uban tun kafin ya shiga hannunsa, wanda bashin ciyar da 'ya'yansa ya haura dala 2,500 kuma ana hana shi fasfo. Ba kowane uba ne mai albashi ba, amma ɗan kasuwa ma yana da asusun banki da lasisi da shago, kuma duk alƙali zai iya isa gare su in doka ta ba shi dama.