Haddar "How are you" ba ta sa a iya Turanci

Wanda ya buɗe TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan ba zai rasa cin karo da malaman Turanci na waya ba. Saurayi ne ko budurwa gaban ƙaramin allo, ana jero jimloli: ga yadda ake gaisuwa, ga yadda ake tambayar farashi, ga yadda ake ba da haƙuri. Jama'a na ta adanawa suna turawa abokai. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin ya kai darasi har ɗakin matar aure da ba ta samu zuwa boko ba. Abin da nake ja a kai shi ne alƙawarin da ke biye da shi, wai in ka haddace jimla hamsin ko ɗari ka iya Turanci.

Mu mutanen hadda ne, kuma haddar ta yi mana rana a makarantar allo, inda ake son a riƙe nassi yadda yake ba ƙari ba ragi. Hira kuwa ba nassi ba ce. Ka haddace "How are you?" da amsarta "I am fine", sai wanda ka gaisar ya ƙara wata tambayar da ba ta cikin jerinka, ka yi tsuru-tsuru. Na ga wannan da idona a wani banki: wani matashi ya yi gaisuwarsa tsaf, ma'aikaciyar ta ɗauka ya iya, ta sako masa bayani kamar ruwan sama. Ƙarshe dai da Hausa aka warware matsalar, bayan ya sha kunyar da bai kamata ya sha ba.

Abin da ake mantawa shi ne Bahaushe ba da hannu wofi yake shiga Turanci ba. Leƙa garejin makanikai ka saurara: birki, sitiyari, taya, giya, injin, batir. A tasha akwai direba da kwandasta da fasinja. A gida ga tebur, bokiti, burodi, famfo. Sisi da sule da fam ma daga can suka zo. Yaron makanike da bai taɓa zama a benci ba ya fi ɗan sakandare sanin sunayen kayan mota, saboda in bai sani ba maigidansa zai aike shi ya dawo da abin da ba shi aka ce ba. Buƙata ce ta koya masa, kuma kullum yana furta kalmar.

Waɗannan kalmomin aro suna nuna wa malami daidai inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe. Hausa ba ta da harafin p mai zaman kansa, shi ya sa muka ce fensir da famfo da fasinja. Ba ma son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakani, shi ya sa muka samu sukudireba da asibiti. Malamin da ya fara daga nan ya rage wa ɗalibi rabin wahala. Haka batun ma'ana. Muna cewa "ina zuwa" alhali tafiya za mu yi, sai a mayar da ita "I am coming", Baturen Ingila ya zauna yana jiran wanda ya riga ya fice. "Sannu da aiki" ta zama "well done", wadda a wurinsu yabo ne bayan an gama abu da kyau. A Najeriya kowa ya gane, kuma ban ga laifinsa ba, amma ya kamata mai koyo ya san a ina za a fahimce shi, a ina ba za a fahimta ba. Jerin jimloli ba ya faɗa masa wannan.

Babban ciwon, a ganina, dariya ce. Mutum ya yi kuskure a Larabci, sai a gyara masa cikin ladabi. Ya yi a Turanci, sai a ce ya fasa kwalba, a yi ta yi da shi har a saka shi a bidiyo. Yawancinmu mun tashi a makarantun da ake cin tarar yaro ko a zane shi in ya yi Hausa a aji. Sakamakon ba iya Turanci ba ne, shiru ne. Yaro ya gwammace ya kama bakinsa, ya kai har jarrabawar WAEC da JAMB, inda Turanci tilas ne ga mai neman jami'a, bai taɓa yin hirar minti biyar da harshen ba.

Masu ganin Hausa ce ke tare wa Turanci hanya su duba gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970. An koyar da yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma aka ba shi malami ƙwararre a matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turancin ba. Mu ma muna da namu misalin: Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan Kwalejin Katsina, wanda Turancinsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa.

To me nake so daga malaman waya? Su rage jeri, su koma wasan kwaikwayo na gaske. A nuna ɗan Kantin Kwari yana ciniki da baƙon da ba ya jin Hausa: ya faɗi kuɗi, a taya, ya ce albarka, baƙon ya yi wata magana da sauri, shi kuma ya roƙe shi ya maimaita a hankali. Wannan roƙon a maimaita, da yadda za ka ce ba ka gane ba, su ne jimlolin da matashin nan na banki ya rasa, kuma ban cika ganinsu a jerin hamsin ɗin ba.